Darasi na 14: Ruwan da Kifi Zai Rayu a Cikinsa

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san yadda ake gane ruwan alwala. A dubi launinsa, a ɗanɗana, a sansana. In babu abin da ya canza ɗaya daga cikin ukun nan, ruwa ne mai tsarki kuma mai tsarkakewa. Wannan hukunci yana nan daram, darasinmu bai taɓa shi ba. Abin da za mu koya yau shi ne ruwan da kifi zai zauna a ciki wata huɗu ko shida har ya isa sayarwa. Ruwa kan cika sharuɗɗan alwala duka, ya yi garai-garai har kana hango gindin bokiti, amma a zuba masa 'ya'yan tarwada da la'asar, kafin assalatu sun mutu. Ruwan teku ma mai tsarki ne, amma da za a jefa tarwadar gulbinmu a ciki ba za ta kwana ba.

Mu ɗiban ruwa muke yi mu sha, mu ajiye moɗa mu tashi. Shi kuwa kifi a ciki yake numfashi, a ciki yake ci, a ciki yake kashi, a ciki yake kwana. In ka sayi tarwada a kasuwar Jega, kafin a gyara ta ɗaga murfin kumatunta ka dubi jan naman nan mai tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. Da shi take jan iska daga ruwa. Fatar da ta raba jininta da ruwan da ke wucewa ta wurin ta fi tantanin cikin albasa siranta, nesa ba kusa ba. Saboda haka duk abin da ya narke a ruwa, ƙofar shiga jininta a buɗe take.

Mu mutanen gulbi ne. Gulbin Zamfara ta Jega ya biyo kafin ya gangara ya haɗu da Gulbin Sakkwato, kudu maso yamma da Birnin Kebbi. Bikin su na Argungu tun 1934 ake yin sa, Sarkawa kuma sun san halin kifi fiye da yadda littafi zai faɗa. To amma sanin kifin gulbi daban yake da sanin kifin kwami. Gulbi gudu yake yi, kullum yana wanke kansa. Kwamin siminti ko na tamfol da ka kafa a bayan ɗaki a Sabon Gari ba ya zuwa ko'ina. Aikin da gudun ruwa ke yi a gulbi, a kwami kai ne za ka yi shi da hannunka.

Wani maƙwabcina tela ya taɓa zuba 'ya'yan tarwada a tankin roba. Sati uku komai lafiya lau, suna cin abinci har da tsalle. Ran nan da asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce, "Malam, don Allah zo ka gani, ko hannu aka sa mini?" Na tarar wasu suna juyawa wuri ɗaya kamar an ɗaure su da zare, wasu sun kife, farin ciki a sama. Ruwan kuwa fes, babu wari, babu launi. Na ce masa, "Maigida, ruwa ba ya tsami banza. Jiya da me aka ɗebo ruwan?" Aka kira yaro. Ashe durum ɗin da suka saba amfani da shi an ara, sai ya ɗauko wani da aka taɓa dama maganin feshin albasa a ciki, ya ɗauraye shi sau biyu, ya ga ya fita tas. Kafin hantsi babu ko ɗaya mai motsi. Na daɗe ina jin zafin abin, don na san kuɗin ɗinkin sallah ne ya zuba a wurin.

Masu kiwon murjani

A duk masu ajiye kifi a duniya babu waɗanda suka kai masu kiwon halittun teku tsanani a kan ruwa, shi ya sa za mu leƙa wurinsu duk da cewa tsakanin Jega da teku akwai fiye da kilomita 600.

Iyayenmu mata sun san murjani, jan dutsen wuyan nan mai tsada, kuma sunansa ya zo a Suratur Rahman. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wata halitta ce mai rai take gina shi. Jan da ake yin tsakiya da shi an fi samo shi daga Bahar Rum. Danginsa da ke tekuna masu ɗumi su ne ke gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, irin na Bahar Maliya a gaɓar Jidda, da na gabashin Ostareliya mai tsawon kusan kilomita 2,300. 'Yan mitsi-mitsin dabbobi ne masu kama da fure, kowace ta gina wa kanta ɗaki da sinadarin farar ƙasa. A cikin namansu akwai wasu ƙananan tsirrai da ke haɗa musu abinci da hasken rana. Ruwan da suke zaune a ciki gishirinsa da yawa, amma taki kusan babu. Da zarar ɗan taki ya shiga, sai gansakuka ta taso ta lulluɓe su, ta tare musu haske. Ɗan ɓurɓushin tagulla da ya narke daga bututu kuwa kashe su yake yi.

Akwai mutane a Turai da Amurka da Asiya da ke kiwon waɗannan halittu a tankin gilashi cikin falo. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun ga babban irinsa a Dubai Mall, mai cin lita miliyan 10, a Jidda ma akwai na Fakieh da aka buɗe a 2013. Wanda yake nesa da teku shi yake haɗa ruwan tekunsa da kansa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wato tanki mai lita 100 zai ci kilo uku da rabi. Gishirin miya kaɗai ba ya yi, domin ruwan teku ya ƙunshi wasu ma'adinai kamar kalsiyam da maganiziyam, don haka haɗaɗɗen gishiri na musamman suke saye. Amma kafin su zuba gishirin, sai sun tabbata ruwan da za su dama shi da shi babu komai a cikinsa.

Ga dalili, kuma a nan ne nake so kowa ya buɗe kunne. Kowace mace a ajin nan ta san farin abin nan da ke kamawa a gindin butar shayi ko tukunyar dafa ruwa. Ruwa ya tashi ya zama tururi, abin da ya narke a cikinsa ya zauna. Haka yake a tanki. A ce tanki yana ƙafewa da lita 3 kullum, mai shi yana cikawa da ruwan famfo mai ɗauke da miligiram 300 na narkakkun abubuwa a kowace lita. A rana ya zuba miligiram 900. A wata giram 27 ke nan, a shekara kusan giram 330, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba. Shi ya sa in ruwan tankinsu ya ragu ba sa ƙara ruwan gishiri, don gishirin farko yana nan bai je ko'ina ba. Tataccen ruwa zalla suke ƙarawa.

Na'urar da suke tacewa da ita hawa huɗu ce. Ruwa ya fara bi ta wani matacin zare mai kama laka da tsatsa. Daga nan ya ratsa gawayi na musamman wanda aka gasa har ya yi ƙofofi birjik, shi ne ke shanye kulorin da wari. Sai ya isa zuciyar na'urar, wani tantani da aka naɗe kamar tabarma. Ana matsa ruwa da ƙarfi a jikinsa, ruwan ya tsallake, gishiri da ƙarfe da taki su kasa wucewa, a kore su ta wani bututu. Wannan tantani yana cire kashi 95 zuwa 99 cikin 100 na abin da ya narke. Ragowar kuma sai wasu 'yan ƙwayoyin roba masu girman gero su tsince shi, kuma akwai irin da ke canza launi in sun ƙoshi, mai shi ya san lokacin sauyi ya yi. A ƙarshe sai ya tsoma wani ma'auni mai kama da biro a ruwan. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta yarda da miligiram 500 a lita. Shi mai murjani sifili yake nema.

Wannan tantani ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne abin da masu kamfanin ruwan leda ke kira RO, kuma da yawansu suna da shi. Wasu masana biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su suka gyara shi ya zama abin amfani a wata jami'a a Kaliforniya wajen 1960, a 1965 kuma garin Coalinga ya fara shan ruwan da aka tace da shi. Alhazanmu ma sun sha irinsa. Ban da Zamzam da ke fitowa daga rijiyarsa, yawancin ruwan famfon Makka daga Bahar Maliya ake jawo shi, a cire masa gishiri a tashar Shu'aiba, wani ta hanyar tafasawa a tara tururi, wani ta wannan tantani.

To, mai tarwada ya je ya sayo RO ke nan? A'a, kuma ina faɗa da babbar murya don kada wani ya ruɗe ku ku yi asarar kuɗi. Ƙananan na'urorin suna zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba da lita ɗaya. Sannan ruwan da aka tsotse komai daga cikinsa bai dace da kifin gulbi ba, domin tarwada da karfasa suna bukatar ɗan kalsiyam a ruwa, kuma ruwan da ba shi da ma'adini ko kaɗan saurin yin tsami gare shi. Halin masu kiwon murjani ne abin koyi. Ba su taɓa kai ruwa daga mafarinsa kai tsaye zuwa kan kifi, sai ya sauka a wani mazubi an gyara shi tukuna. Kuma ba sa yarda da shaidar ido, sai sun auna.

Ruwan da muke da shi

Kafin ka gina kwami, tanadi mazubin jira: tanki ko durum-durum masu buɗaɗɗen baki, a inuwa, inda ruwa zai kwana ɗaya ko biyu. A kafa famfon fitarsa kamar taƙi ɗaya sama da gindi, don abin da ya kwanta ya zauna a ƙasa. Rabin gyaran ruwa a wannan mazubi yake ƙarewa.

Ruwan burtsatse shi ne aka fi amincewa da shi, kuma gaskiya ya fi sauran rashin cuta. Amma daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, inda bai haɗu da iska ba, don haka iskar oksijin da kifi ke shaƙa kusan babu ita a cikinsa. Wani kuma yana zuwa da ƙarfe a narke. Ga yadda za ka gane: tara shi a farin kwano da safe, ka ajiye. In zuwa la'asar ya koma ruwan ɗorawa ko ja-ja, ko ka ga wani abu kamar mai ya shimfiɗu a samansa, ƙarfe ne ya haɗu da iska ya zama tsatsa. Matan da fararen kayansu ke yin ja bayan wanki sun riga sun san irin wannan rijiya. In aka zuba shi kai tsaye, tsatsar a kan jan naman numfashin kifi da kan ƙwai za ta kwanta. Wani ruwan kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, shi ma guba ne ga kifi. Maganin duka guda ne, wato a haɗa ruwan da iska. Huda gindin bokiti ko tire da ƙusa ƙofofi da yawa, ka rataya shi sama da mazubin jira, ruwan ya riƙa zubowa kamar yayyafi. Warin zai tashi, iska ta shiga, tsatsa ta fito ta kwanta.

Ku lura da zafi. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5, in ya kai 35 sai ya sauka zuwa wajen 7. Kifi yana so kada abin ya gaza 5. A watan Afirilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, baƙin tankin roba da aka bari a rana tukunya ce a kan murhu. A yi masa rumfar zana. Wani zai ce ai tarwada tana leƙowa ta haɗiyi iska. Haka ne, tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta wannan dama, shi ya sa take daɗewa a daro a kasuwa. Amma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe kwanan nan gaɓar ba ta gama fito musu ba, karfasa kuma ba ta da ita sam. Ita kanta babbar, in ƙarfinta ya ƙare a hawa da sauka neman iska, abincin da ka saya da tsada ba zai zama nama ba.

Ruwan famfo na hukuma ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kusan miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. Alheri ne ga mutane, amma wannan ɗan kaɗan ɗin yana ƙona wurin numfashin kifi. In ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe ana motsa shi, kulorin yakan tashi. In daga 'yan ga-ruwa kake saye, tambayi inda suka ɗebo. Wanda ya wanke tanki da bilic kuma ya ɗauraye sosai, ya bar shi ya bushe a rana.

Rijiyar gida a duba nisanta da masai da kwata. In ruwanta zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa da shi, ma'adini ne ya yi masa yawa. Wani sashe na ƙasar Sakkwato da Kebbi a kan dutsen farar ƙasa yake zaune, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Masana ƙasa sun ce wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce ta rufe wannan yanki, kuma har yau ana tsintar ɓawon halittunta a cikin dutsen. Matsakaicin irin wannan ma'adini ba ya cutar da tarwada, yana ma hana ruwa yin tsami.

Ruwan gulbi da na fadama shi ne mafi arha, shi ne kuma ya fi bukatar hattara. Da damina yakan zo kamar kunu. Laka kaɗai abu ne mai sauƙi: a bar shi ya kwanta, ko a sa ɗan alam, ko a daka 'ya'yan zogale busassu a dama a zuba, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ruwan ya yi kauri. A mazubin jira ake wannan, kada a yi a inda kifi yake, domin alam yana tsamar da ruwa. Wanda ya so ya haɗa matacin durum: tsakuwa a ƙasa, gawayi da aka wanke a kanta, sannan yashi mai laushi kamu guda a sama, ruwa ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Bakin tiyon da ke jawo ruwa daga gulbi a ɗaure masa ƙyalle mai ƙananan ido, saboda ƙwan kwaɗi da 'ya'yan kifin daji da ƙwarin da ke cin ƙananan kifi. Amma kada a kuskura a yi da gidan sauron da ake rabawa a asibiti. Magani ne a jikin zarensa, kuma maganin da ke kashe sauro yana kashe kifi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ruwan fadama shi ne maganin feshi. Tun da shugaban ƙasa na wancan lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015, noman rani ya ƙara faɗi, ga kuma albasa da tattasai daga Aliero har Maiyama. Arziki ne, mun gode Allah. Sai dai inda noma ya yawaita, feshi da takin zamani sun yawaita, kuma sau nawa muka ga mutum ya gama feshi ya tsuguna bakin ruwa yana wanke tankin goyonsa? Ku dubi kwalbar maganin ƙwari. In sunan sinadarin ya ƙare da haruffan "thrin", ɗigo kaɗan a durum ya isa ya hallaka 'ya'yan kifi. Dattawa suna tune da ɓarnar da Gamalin ya yi a tafkuna lokacin da marasa tsoron Allah ke zuba shi don kama kifi, maganin da tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin waɗanda za a daina amfani da su a gona. Irin wannan guba alam ba ya kwantar da ita, zogale ba ya kama ta, yashi ba ya tare ta. Gawayin girki ɗan kaɗan yake ragewa, bai kai a dogara da shi ba. Hanya ɗaya ce, a guje ta. Kada a jawo ruwa daga ƙasan gonar da aka yi wa feshi, musamman bayan ruwan sama. Bokiti da durum da tiyon kifi su zama na kifi kaɗai, a yi musu alama da fenti, kada a ba da aronsu ko ga ɗan'uwa.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Duk sabon ruwan da kake shakka, ɗebi bokiti ɗaya ka saka 'ya'yan kifi goma, ka bar su kwana ɗaya da yini. In sun wayi gari suna iyo suna cin abinci, bismilla. Da maƙwabcina ya yi haka, da kifi goma ya rasa.

Dattin da ke tasowa daga ciki

Ko ka zuba ruwan da ya fi kowane kyau, daga ranar da ka fara ba da abinci ya fara lalacewa. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, shi ne warin nan mai hawa ka da ake ji a akurkin kaji ko makewayi. Kowane kilo na abincin kifi yana haifar da kusan giram 30 nasa. Mu yi lissafi. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, yana cin lita 6,000, wato jarka 240 mai lita 25. In kana ba da kilo 2 a rana, giram 60 na amoniya ke shiga, miligiram 10 ke nan a kowace lita, a rana ɗaya tak. Gobe a ƙara wani. Lissafin mai murjani ne ya dawo: abin da ya shiga yana nan sai an fitar da shi.

Zafin gubar amoniya ya danganta da ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ma'aunin wannan shi ake rubutawa pH, daga 0 zuwa 14. Lemon tsami yana ƙasa, ruwan kanwa da na toka suna sama, 7 ne tsakiya. Kifinmu ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5. A kan 7, ɓangaren amoniya mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ya haura kashi 5. A kan 9 ya wuce sulusi. Wannan ne ya sa sabon kwamin siminti ke da haɗari, domin siminti yana sakin kanwa a ruwa. A cika shi a bar shi kwanaki, a zubar, a sake cikawa, a yi ta yi kamar sati biyu, sai takardar gwaji ta nuna ruwan da ya kwana a ciki bai wuce 8.5 ba.

Allah ya halicci wasu bakteriya masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da bango, suna mai da amoniya wani sinadari mai suna nitirait, wasu kuma su mai da shi nitiret, wanda ba shi da zafi sosai. Sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su yi aiki. Wanda ke da matacin tsakuwa da ruwan kwami ke zagayawa ta ciki, kada ya wanke tsakuwar da omo ko ruwan famfo, ya ɗauraye ta da ruwan kwamin kawai. Shi nitirait in ya taru yana hana jini ɗaukar iska, har jan naman kumatu ya koma ruwan ƙasa. Gishiri kaɗan, kamar giram ɗaya a lita, yana rage shigarsa jiki.

Yawancinmu ba mu da irin wannan mataci, canjin ruwa ne abin dogaronmu. A sa tiyo a zuƙe daga gindi, inda kashi da ragowar abinci suka taru, a fitar da kamar sulusi, a mayar da wanda ya kwana a mazubin jira. Gwargwadon girman kifi da yawan abinci, gwargwadon yawan canji. In sun girma, kullum ne. Da hunturu a taɓa ruwan biyu da hannu, in bambancin ɗuminsu ya yi yawa a zuba a hankali. Kuma kada a jira sai ruwa ya yi kumfa ya fara wari. In ka fito da asuba ka ga tarwada sun rataye a tsaye, gashin baki a saman ruwa, ka watsa abinci ba su taso da ƙarfi ba, dakatar da abincin ka canza ruwa. Ina roƙon ku, kada ku fara da gudu kantin magani ku sayo kafso ku juye. Sau da yawa ba ciwo ba ne, ruwa ne, kuma maganin da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba a cikin 'ya'yanmu masu cin kifin yake ƙarewa.

Ruwan da aka fitar taki ne mai kyau. A ja shi zuwa gindin zogale ko fangalin alayyafo. Sakin sa a lungu ya kwanta yana wari yana tara sauro shiga haƙƙin maƙwabta ne.

Takardar gwajin pH da kwalaben gwajin amoniya ana samunsu wurin masu sayar da kayan kiwon kifi, mutum biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya. Mai niyyar zuba jari babba ya kai ruwan rijiyarsa a auna masa a ɗakin gwaji kafin ya sayi bulo ko ɗaya. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan kusa da mu a Aliero, cibiyar binciken kifi ta ƙasa kuma tana New Bussa, kusa da madatsar Kainji.

Aiki

1. Kwami mai tsawon mita 4, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, lita nawa yake ci? In za a canza sulusi, kusan jarka nawa ke nan mai lita 25?

2. Me ya sa mai kiwon murjani ba ya ƙara ruwan gishiri in tankinsa ya ƙafe?

3. Wace mas'ala ce zogale da alam ke magancewa, wace ce kuma ba sa iyawa?

Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da ruwan da gidansa ke amfani da shi a kwalba biyu masu tsabta, ɗaya wanda ya kwana a buɗe, ɗaya na safiyar ranar. A rubuta a jiki ko na rijiya ne, ko burtsatse, ko famfo, ko gulbi. Zan zo da takardar gwaji da farin kwano, kowa zai auna nasa da hannunsa.